Jan ruwan asibiti: maganin sankarar da aka tono daga ƙasa

A ɗakunan da ake yi wa masu ciwon daji ƙarin ruwa a Sakkwato da Zariya da Kano akwai wani magani da ba ya ɓuya. Yawancin magungunan da ake ɗurawa ta jijiya ba su da launi, shi kuwa ja ne jawur. Nas ɗin da za ta sa shi takan ɗaura safar hannu, ta duba ta sake dubawa ko allurar ta zauna daram a cikin jijiya, domin idan ya tsiyaya ya shiga tsoka cin naman wurin yake yi, ya bar gyambon da kan ɗauki watanni bai rufe ba. Sunansa doxorubicin, tsofaffin likitoci kuma har yanzu da Adriamycin suke kiransa. Matar da aka turo daga Talata Mafara ko Bakura ko Maradun a jihar Zamfara da ƙullutu a mama, idan gwaji ya tabbatar sankara ce, sau da yawa da shi za ta fara haɗuwa, ko da ɗan'uwansa na kusa, epirubicin.

Asalin wannan magani turɓaya ce. A cikin ƙasar noma akwai wani babban dangi na bakteriya da masana ke kira Streptomyces. Ido ba ya ganinsu, amma hanci ya san su, don su ne ke fitar da sinadarin da ke ba ƙasa ƙanshin nan na ruwan farko. Suna nan a fadamun Bakolori kamar yadda suke a gonakin Turai da na Asiya. Zaman ƙasa zaman gasa ne, kowace halitta na neman abinci da wurin zama, su kuma makaminsu guba ce da suke fesa wa maƙwabta. Daga wannan gubar ɗan Adam ya samo wasu daga cikin manyan magungunansa na kashe ƙwayoyin cuta: streptomycin, wanda Albert Schatz ya gano a 1943 a ɗakin binciken Selman Waksman da ke Jami'ar Rutgers ta Amurka, ya zama maganin tarin fuka na farko mai aiki, da dangin tetracycline, kafson nan mai ja da rawaya da ba kyamis ɗin da babu shi.

Sai dai ba kowace guba ce ta yi daidai da maganin cutar yau da kullum ba. Tun a 1940 Waksman da ɗalibinsa Boyd Woodruff suka fitar da actinomycin. Yana kashe bakteriya sarai, amma yana kashe dabbar da aka gwada shi a kanta, sai aka jingine shi. Bayan shekara goma sha wani abu likitan yara Sidney Farber na Boston ya waiwaye shi da wata tambaya daban: tunda abin da ya fi yi wa illa shi ne ƙwayoyin halittar da ke saurin rabuwa, me zai hana a juya shi kan sankara? Ya gwada wani nau'insa a kan sankarar ƙoda ta yara, wadda ake kira ciwon Wilms, aka ga ƙari yana motsewa. Har gobe da shi ake yi wa yaran da ke zuwa da kumburarren ciki saboda wannan ciwo magani, a Najeriya da sauran duniya. Daga nan kamfanonin magani suka bazama tonon ƙasa.

A cikin shekarun 1950 ma'aikatan kamfanin Farmitalia na birnin Milan suka ɗebo ƙasa a kusa da Castel del Monte, wata tsohuwar fada ta ƙarni na 13 a kudancin Italiya. A ciki suka sami wani Streptomyces mai fitar da jan launi, wanda ke hana ƙari girma a jikin ɓeraye. Kusan a lokaci guda masu bincike na kamfanin Rhône-Poulenc a Faransa suka ci karo da sinadarin nan shi kansa. Shi ne daunorubicin, kuma ya yi rawar gani a kan sankarar jini. Italiyawan ba su tsaya nan ba. Federico Arcamone da Aurelio Di Marco da abokan aikinsu suka sauya wa bakteriyar halitta da gangan, wani reshe nata ya fitar da sinadarin da ɗan bambancinsa da na farko bai taka kara ya karya ba a takarda, amma a jikin majinyaci ya yi nisa: yana kama sankarar mama, da ta kaluluwa, da ta ƙashi, da ta mafitsara. An bayyana shi a 1969, likita Gianni Bonadonna ya gwada shi a cibiyar sankara ta Milan, Amurka ta amince da shi a 1974.   

An yi shekaru ana warkar da mutane da shi kafin a gane ainihin inda yake kai sara. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da zaren gado, wato DNA, wanda in an miƙe shi zai kai mita biyu, alhali an cusa shi a wurin da sai da madubin likita ake gani. Duk lokacin da ƙwayar za ta rabu gida biyu dole ta kwafi zaren nan kakaf. Wanda ya taɓa warware tufkakkiyar igiya daga tsakiya ya san abin da ke faruwa: yana buɗe nan, gaba na ƙara murɗewa, har ta cukurkuɗe ta ƙi motsi. Jiki yana da ma'aikacin da ke hana wannan cukurkuɗewa, wani inzayim mai suna topoisomerase II. Aikinsa ya yanke zaren, ya zura wani sashe ta cikin kafar, ya sake ɗinke inda ya yanke, duk cikin ƙiftawar ido.

A 1984 ɗakin binciken Leroy Liu a Jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa doxorubicin yana kutsawa tsakanin zaren ya riƙe inzayim ɗin daidai lokacin da ya yanke bai kai ga ɗinkewa ba. Ma'aikacin gyara sai ya koma mai ɓarna. Yanka ya taru a kan yanka, ƙwayar ta ga ba ta da mafita, ta kashe kanta. Ƙwayoyin sankara ba sa hutawa da rabuwa, saboda haka sun fi kowa dogaro da wannan inzayim, su ne kuma suka fi jin jiki. Amma ba su kaɗai ke saurin rabuwa ba. Saiwar gashi ma haka take, da fatar cikin baki, da ɓargon da ke ƙera jini. Dalilin zubewar gashi ke nan cikin mako biyu zuwa uku da fara magani, da gyambon baki, da raguwar jini. Duk waɗannan sukan dawo daidai bayan an gama. Gashi na tsirowa.

Zuciya ce ba ta mantuwa. Tun a 1967 aka lura wasu yaran da aka ba daunorubicin sun rabu da sankarar jini amma zuciyarsu ta gaza. Doxorubicin ma ya gaji wannan hali, kuma illar taruwa take yi: kowace allura na ɗora nata a kan na baya, har iyakar rayuwa, saboda tsokar zuciya in ta mutu ba ta cika sabuntuwa ba. Binciken Daniel Von Hoff na 1979 ya nuna cewa a cikin waɗanda jimillar abin da suka karɓa ta kai miligiram 550 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jikinsu, kusan kashi 7 cikin ɗari zuciyarsu ta gaza. Da Sandra Swain ta sake lissafin a 2003 da gwaje-gwajen da suka fi kaifi, sai adadin ya haura zuwa kashi 26. Shi ya sa likitoci suka ja layi tsakanin 450 da 550, da yawansu ma ba sa yarda a kusanci layin. Tsarin da aka saba bi a sankarar mama, zagaye huɗu na miligiram 60, yana tsayawa a 240, wato akwai tazara. A 2012 ƙungiyar Edward Yeh a cibiyar MD Anderson ta Amurka ta gano cewa ƙwayoyin zuciya suna da nasu nau'in topoisomerase ɗin, kuma ta nan maganin ke shiga ya yi musu lahani. Ƙofar da yake bi ya kashe ciwo, kusan ita ce yake bi ya taɓa zuciya.

A nan ne labarin ya zama na gida. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan matan da zuciyarsu ke raunana a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Tun a shekarun 1970 Davidson da Parry suka rubuta haka daga asibitin koyarwa na Zariya, suka ɗora zargi a kan wankan jego da kunun kanwa. Binciken da aka yi a Sakkwato daga baya, da wanda Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, sun sami kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Karaye da abokansa sun karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin selenium fiye da al'adun jego. Ko mene ne sanadin, sakamakon ɗaya ne a gaban likitan sankara. Sankarar mama a Najeriya takan kama mata da sauran ƙuruciyarsu, 'yan shekara arba'in da ɗoriya, wasu ma suna goyo. Matar da ta haihu bakwai ko takwas, wadda ta taɓa yin kumburin ƙafa da haki bayan wata haihuwa aka ce jego ne ya wuce, tana iya zuwa da zuciyar da ba za ta ɗauki abin da littafi ya ce ba. Alkaluman Von Hoff da na Swain ba a kan irinta aka tattara su ba.

Don haka hoton zuciya kafin allurar farko, wanda ake kira eko, ba ƙawa ba ce. Tambayar likita game da haihuwar baya ma ba shisshigi ba ne, kuma 'yar rakiya, uwa ce ko yaya ko kishiya, ta fi taimakon majinyaciya idan ta faɗi abin da ta sani. Akwai maganin kare zuciya, dexrazoxane, akwai kuma doxorubicin ɗin da aka naɗe cikin ƙananan ƙwayoyin mai, wanda aka amince da shi a 1995 kuma ya fi sauƙi a kan zuciya. Dukansu biyu tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Abin da ya rage wa talaka shi ne awo da lissafi.

Wata illar kuma ba illa ba ce, tsoro ne kawai. Kwana ɗaya ko biyu bayan allura fitsari kan fito ja, launin maganin ne ke fita ta ƙoda. A garuruwan da ke bakin magudanan ruwan noman rani, inda yara ke wanka da kamun kifi, jan fitsari yana da suna tun tuni: tsargiya. Majinyacin da ba a yi wa bayani ba zai ɗauka jini ne, ya ce maganin asibiti ya fasa masa ciki. Jimla ɗaya daga bakin nas ta isa ta hana wannan. Ita tsargiyar kanta tana da nata hannu a labarin, domin idan ta daɗe a jiki ba a yi maganinta ba tana iya kaiwa ga sankarar mafitsara, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun rubuta cewa suna yawan ganin wannan sankara a maza daga yankin. Nau'in da tsargiya ke jawowa ba ya jin magungunan ƙarin ruwa sosai. A kansa ƙwayar praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta kyauta ta fi jan ruwan amfani, in an sha ta da wuri.

Abin da ke kisa da sauri shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana na 10 da na 14 bayan allura fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki, kan faɗi ƙasa warwas. A lokacin majinyaciya ta riga ta koma gida. Jikinta ya yi zafi, kowa ya ce maleriya ce, a aika yaro kyamis. Mai yiwuwa maleriyar ce, amma mai yiwuwa kuma ƙwayar cuta ce ta shiga jinin da ba shi da mai gadi, kuma irin wannan a cikin sa'o'i yake gama aiki. Ƙa'idar likitoci a ko'ina ita ce zazzaɓi a wannan tsakani na gaggawa ne, a kai asibiti a ɗebi jini a ranar. Babban asibitin da ke kusa zai iya wannan, ba sai an koma Sakkwato ba, muddin ma'aikacin da ke bakin aiki ya san abin da aka sa wa majinyaciyar da ranar da aka sa.

Sai maganar hanya. Ana ba da maganin ne zagaye-zagaye, galibi duk bayan kwana 21, domin ɓargo ya farfaɗo amma sankara ba ta samu ta miƙe ba. Talata Mafara na kan titin Gusau zuwa Sakkwato, ta fi ƙauyukan Maradun da Bakura sauƙin fita. Amma kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyoyin yankin, kuma ba a manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara aka rufe kasuwannin mako. Manomin da kuɗin maganin matarsa ke jikin buhun shinkafa ko ɗan akuya, rufe kasuwa rufe asibiti ne a wurinsa. Zagayen da aka tsallake ba ya ramuwa, kuma wanda ya yi biyu ya tsaya ya kwashi wahalar maganin bai kwashi amfaninsa ba. A 2019 gwamnatin tarayya da ƙungiyoyin American Cancer Society da Clinton Health Access Initiative suka ƙaddamar da shirin rage farashin magungunan sankara a wasu asibitocin koyarwa, ciki har da na Zariya da na Kano, daga baya kuma aka buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Shi doxorubicin tsohon magani ne, ba shi ne mai tsadar ba. Kuɗin mota, da gwajin tsoka, da gwajin jini kafin kowane zagaye, da abincin 'yan jinya, da tiyata, da gashin ƙari da na'ura, su ne ke karya gida.

Alkaluman hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 sun ƙiyasta sababbin masu ciwon a Najeriya kusan 128,000, waɗanda suka rasu kusan 80,000, sankarar mama kaɗai ta haura 32,000. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya bi sawun mata a ƙasashe biyar na Afirka, ya sami kashi 36 cikin ɗari ne kawai na 'yan Najeriyar da ke ciki suke raye bayan shekara uku, alhali fararen fatar Namibiya kashi 90 ne. A kudu maso gabas aka yi ɓangaren Najeriya na binciken. Babu dalilin zaton cewa Zamfara, mai ƙarancin likitoci, ta fi can. Babban abin da ya raba su shi ne lokacin zuwa asibiti. Maganar nan da aka daɗe ana yi, wai daji ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi zai bazu, tana da abin da ya ɗaure mata gindi: mutane sun ga an kai mara lafiya asibiti, an yi allura, ya rasu. Abin da ba a lissafawa shi ne shekara guda ko biyu da aka yi ana shafe-shafe da turare kafin a kai shi. Ƙarin da bai wuce mama da hammata ba, jan ruwa da tiyata na iya raba mace da shi har abada. Wanda ya kai hanta ko huhu, sai dai a rage masa gudu.

Nasarar doxorubicin ta sa har yau ba a daina tonon ƙasa ba, kuma abin da ke fitowa gauraye ne. Daga ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke tekun Fasifik aka samo rapamycin, mai toshe wani inzayim da ke ba ƙwayar halitta umarnin girma. Jikokinsa biyu sun zama maganin sankarar ƙoda a 2007 da 2009. Staurosporine, wanda ƙungiyar Satoshi Omura ta gano a Japan a 1977, ya yi guba da yawa, sai bayan shekara 40 wani ɗansa, midostaurin, ya samu shiga a kan wani nau'in sankarar jini. Geldanamycin ya burge a kwanon gwaji ya lalata hanta a jikin dabba. Acivicin ya kai ga gwaji a kan mutane, ya taɓa ƙwaƙwalwa, aka bar shi. Waɗanda suka faɗi a hanya sun ninka waɗanda suka isa.

Wannan ya kamata ya sa a yi hattara da saƙonnin da ke yawo a WhatsApp. Omura ɗin nan shi ne ya samu kyautar Nobel a 2015 saboda bakteriyar ƙasa da ta haifi ivermectin, wato Mectizan da aka yi shekaru ana rabawa a ƙauyukan Arewa don hana makantar bakin rafi. Magani ne mai albarka a kan abin da aka yi shi dominsa. Cewa yana kashe ƙwayoyin sankara a kwanon gwaji bai mayar da shi maganin sankara ba, kuma babu gwaji a kan mutane da ya tabbatar da hakan. Haka kafson kyamis: zamansa dangi ɗaya da jan ruwa ta wajen asali bai sa ya narkar da ƙullutu a mama ba, sai dai ya cinye watannin da ake da su.

Ko maganin gaskiyar ma sai an tambayi daga ina ya fito. Na ruwa yana buƙatar firji, sanyi tsakanin digiri 2 da 8, abin da ke da wuya a inda wuta ke zuwa da ƙyar. Na gari ya fi jure zafi. A 2025 wani bincike da masana na Jami'ar Notre Dame suka jagoranta ya auna magungunan sankara, har da doxorubicin, da aka tattaro daga Kamaru da Habasha da Kenya da Malawi, ya sami kusan ɗaya cikin shida ba su ɗauke da adadin sinadarin da aka rubuta a jikinsu ba, wasu ƙasa wasu sama. Ga maganin da ake ƙirga miligiram ɗinsa saboda zuciya, kowanne daga cikin biyun masifa ne. Saye a kantin maganin asibiti ya fi aika ɗan'uwa kasuwa neman mai rahusa.

Yankin ba ya rasa masu faɗa a ji a wannan fage. A 2023 aka naɗa Farfesa Usman Malami Aliyu, likitan sankara daga asibitin koyarwa na Sakkwato, shugaban cibiyar binciken sankara da maganinta ta ƙasa. A 2024 aka zaɓi Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, 'yar asalin Zamfara, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, a matsayin shugaba mai jiran gado ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, karo na farko da kujerar ta zo Afirka. Abin da majinyatan Mafara da Bakura da Maradun ke buƙata daga irin wannan matsayi bai kai girman sabuwar cibiya ba: wurin ɗibar tsoka a aika gwaji ba tare da an yi tafiya uku ba, na'urar eko da wanda ya iya karanta ta, da kati a hannun kowane majinyaci mai ɗauke da ranar kowace allura da jimillar miligiram ɗin da ya karɓa. Majinyata kan fara a Sakkwato, kuɗi ya yanke, bayan shekara su ɓulla a Gusau ko Zariya ba tare da fayil ba, kuma likitan da ya karɓe su ba shi da gwajin jinin da zai gaya masa nawa aka riga aka sa.